Mazaɓar da ta haɗa ƙauyukan Ingila da Dutsen Ɗariƙu: tambayoyi da amsoshi

Daga 1999 zuwa daren 31 ga Janairun 2020 an yi wata mazaɓa mai suna Kudu maso Yammacin Ingila, wadda ke tura wakilai zuwa Majalisar Dokokin Tarayyar Turai. Da a ce iyakarta ke nan, da ba mai waiwayar ta yau. Abin da ya sa ake tuna ta shi ne wani ɗan guntun gari da aka liƙa mata a 2004, wato Jibralta, wanda ke can ƙarshen kudancin Sifaniya yana kallon Maroko, tazarar fiye da kilomita 1,500 daga gaɓar Ingila mafi kusa da shi.

Wace majalisa ce ake magana a kai?

Majalisar Dokokin Tarayyar Turai ce, ba majalisar Birtaniya da ke Landan ba. Tana babban zamanta a Strasbourg ta Faransa sau goma sha biyu a shekara, kwamitocinta kuma suna aiki a Brussels ta Beljiyam, yayin da wani ɓangare na ma'aikatanta ke Luxembourg. A da majalisun ƙasashe ne ke zaɓo wasu daga cikin 'ya'yansu su tura can. Sai a 1979 aka fara barin jama'a su zaɓa da hannunsu, ana kuma maimaitawa duk bayan shekara biyar. Majalisar na da hannu a dokokin kasuwanci, muhalli, kamun kifi, noma da kasafin kuɗin Tarayyar, sai dai ba ta iya ƙirƙiro ƙudurin doka da kanta. Hukumar Tarayyar ce ke kawowa, ita kuma ta gyara, ta amince ko ta ƙi, tare da ministocin ƙasashe.

Waɗanne yankuna ne mazaɓar ta ƙunsa?

Idan ka dubi taswirar Birtaniya za ka ga wata doguwar ƙafa da ta miƙe zuwa yamma cikin tekun Atlantika. Ita ce. Akwai Cornwall a can ƙarshe da tsibiran Scilly, sai Devon, Dorset, Somerset, Wiltshire da Gloucestershire, sannan birnin Bristol wanda ya fi kowane girma a yankin. Ƙasa ce ta makiyayan shanu da tumaki, da masunta, da garuruwan bakin teku inda tsofaffi ke komawa bayan sun yi ritaya. Mutanenta sun haura miliyan biyar.

Tana ɗaya daga cikin mazaɓu goma sha biyu da aka kasa Birtaniya: tara a Ingila, sai Sikotilan, Wales da Ireland ta Arewa. A zaɓukan 1999 da 2004 kujera bakwai gare ta. Da sababbin ƙasashe suka shigo Tarayyar aka rage wa Birtaniya kaso, sai ta koma shida daga 2009 har ƙarshe.

Kafin 1999 yaya ake yi?

Kamar yadda muka saba a zaɓen 'yan majalisa a Najeriya: ƙaramar mazaɓa, kujera ɗaya, wanda ya fi ƙuri'a ya kwashe, ko da da ƙuri'a ɗaya ce. Wannan yanki yana da mazaɓu irin su Bristol, Cornwall da Yammacin Plymouth, Devon da Gabashin Plymouth, Somerset da Arewacin Devon.

Tsarin ya sha haifar da sakamakon da ke sa mutum ya riƙe baki. A 1989 jam'iyyar Green ta masu rajin kare muhalli ta samu kusan kashi 15 cikin 100 na ƙuri'un Birtaniya baki ɗaya, amma ko kujera ɗaya ba ta gani ba. Jam'iyyar Liberal Democrat kuwa sai a 1994 ta fara samun wakilai, kuma duka biyun daga wannan yanki suka fito: Graham Watson da Robin Teverson.

Da uku za su samu a shekarar, ba don wata dabara da aka yi musu a Devon ba. Wani mutum mai suna Richard Huggett ya tsaya takara, ya sa aka rubuta a gaban sunansa cewa shi ɗan "Literal Democrat" ne. Harafi ɗaya tak ya canja. Mai zaɓe da ya shigo rumfa a gurguje, ko dattijuwar da ta manta tabarau a gida, za ta ga abin da ya yi kama da sunan jam'iyyarta ta dangwala. Huggett ya tashi da ƙuri'a sama da 10,000, ɗan takarar Liberal Democrat na gaskiya, Adrian Sanders, ya sha kaye a hannun Giles Chichester na jam'iyyar Conservative da ratar ƙuri'a 700. An je kotu, kotu ta ce dokar lokacin ba ta hana ba. Wannan tsiya na cikin abin da ya sa aka yi dokar rajistar jam'iyyu a 1998. Duk wanda ya taɓa ganin jam'iyyu biyu masu tambari kusan iri ɗaya a takardar ƙuri'a ya san ba a Ingila kaɗai ake wannan wayon ba.

To bayan 1999 fa, yaya ake raba kujeru shida tsakanin jam'iyyu?

Gwamnatin Tony Blair ce ta kawo sabon tsarin. Kowace jam'iyya tana miƙa jerin sunayen 'yan takararta, na ɗaya zuwa na shida, mai zaɓe kuma jam'iyya yake zaɓa, ba mutum ba. Ana rabon ne da lissafin wani masanin shari'a ɗan Beljiyam na ƙarni na 19, Victor D'Hondt. Jam'iyyar da ta fi ƙuri'a ta ɗauki kujerar farko, sai a raba ƙuri'unta biyu a sake gwadawa da na saura. In ta sake ci, a raba ainihin ƙuri'un nata uku. Haka za a yi ta yi har kujeru su ƙare.

Zaɓen 2019 ya isa misali. Jam'iyyar Brexit, mai neman Birtaniya ta fice daga Tarayyar, ta samu kusan kashi 37 cikin 100, Liberal Democrat 23, Green 18, Conservative ƙasa da 9, Leba ƙasa da 7. Kujerar farko ta Brexit ce, 37 ɗinta ya koma 18 da ɗoriya. Ta biyu ta tafi ga Liberal Democrat mai 23, nata ya koma 11 da rabi. A zagaye na uku rabin na Brexit ya ɗara na Green da ƙiris, ta sake ɗauka, lissafinta ya sauko zuwa 12 da 'yan kai. Green ta ci ta huɗu. Brexit ta ci ta biyar da 12 ɗin nan, Liberal Democrat ta rufe da 11 da rabi. Conservative da Leba, manyan jam'iyyun da suka yi ta karɓa-karɓar mulkin ƙasar tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu, suka koma gida hannu rabbana.

Aibin tsarin a fili yake. Wanda jam'iyya ta sa a saman jeri ya kusa tabbatar da kujerarsa tun kafin a buɗe rumfa, na ƙasa kuwa rakiya kawai ya yi. Saboda haka ɗan siyasa ya fi bukatar faranta wa masu tsara jerin rai a kan ya faranta wa manomin Devon. Idan wakili ya mutu ko ya ajiye aiki ma ba a sake zaɓe, na bayansa a jeri ne ke hawa. Haka Graham Booth ya gaji Michael Holmes a 2002, shi ma Trevor Colman ya gaje shi a 2008.

Me ya kawo Jibralta cikin mazaɓar Ingila?

Sunan garin da kansa ya fito ne daga Jabal Ɗariƙ, dutsen Ɗariƙu ɗan Ziyad, kwamandan da ya ƙetaro da rundunar Musulmi daga Arewacin Afirka a shekarar 711. Sojojin ruwan Ingila da Holan suka ƙwace wurin a 1704, Sifaniya kuma ta sallama shi a yarjejeniyar Utrecht ta 1713. Tun daga nan take neman a maido mata. Faɗinsa bai kai murabba'in kilomita bakwai ba, mutanensa kuma dubu talatin ne da 'yan kai.

Da Birtaniya ta shiga Tarayyar a ranar 1 ga Janairun 1973, Jibralta ta shiga tare da ita, duk da an cire ta daga tsarin kwastan na bai-ɗaya da manufar noma. Dokokin Turai da yawa suna hawa kanta. Amma da aka zo rubuta dokar zaɓen kai-tsaye a 1976, sai aka sa wani sharaɗi cewa Birtaniya za ta gudanar da zaɓen a cikin ƙasarta kawai. Jibralta kuwa a shari'ance ba cikin ƙasar take ba, yanki ne da ke ƙarƙashinta. Aka yi zaɓen 1979, 1984 da 1989, mutanen Dutsen na kallo.

A watan Afrilun 1994 wata matashiya mazauniyar garin, Denise Matthews, ta nemi a yi mata rajistar zaɓen da ke tafe. Jami'in rajista ya ce doka ba ta ba shi dama ba. Maimakon ta yi guna-guni ta koma gida, sai ta kai ƙarar gwamnatin Birtaniya kotun kare haƙƙin ɗan'adam da ke Strasbourg. A lura, Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai ba ta Tarayyar Turai ba ce, ta wata ƙungiya ce daban mai ƙasashe da yawa, gari ɗaya kawai suka haɗa da majalisar.

Lauyoyin Birtaniya suka ce ai ba laifinsu ba ne, dokar 1976 ta ƙasashen Tarayyar ce gaba ɗaya, kuma majalisar ba majalisar dokoki ba ce irin wadda yarjejeniyar haƙƙin ɗan'adam ke nufi. A ranar 18 ga Fabrairun 1999 alƙalai goma sha biyar cikin goma sha bakwai suka yi watsi da wannan. Suka ce tun daga yarjejeniyar Maastricht da ƙasashen Tarayyar suka ƙulla, majalisar ta samu iko na gaske a kan dokokin da ke aiki a Jibralta, kuma ƙasar da ta sa hannu da son ranta ba za ta fake da cewa ta miƙa ikon ga wata ƙungiya ba. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Hukuncin ya zo a makare ga zaɓen Yunin 1999, don haka aka sake tsallake su. Birtaniya ta nemi a gyara dokar 1976, amma gyaran na bukatar amincewar kowace ƙasa, Sifaniya kuma ta ce ba da ita ba. Daga ƙarshe majalisar Landan ta yi tata dokar a 2003, mutanen Jibralta suka kaɗa ƙuri'a karon farko ranar 10 ga Yunin 2004, shekara goma cif bayan zaɓen da aka hana Matthews.

Me ya sa ba a ba su kujerarsu ta kansu ba?

Saboda yawa. Masu rajista a Jibralta dubu ashirin ne da ɗoriya, alhali kowace kujera a yankin tana wakiltar mutum fiye da dubu ɗari bakwai. Sai aka bar wa Hukumar Zaɓen Birtaniya ta duba inda za a jingina su. Landan da Kudu maso Yamma ne suka fi fitowa a muhawarar, hukumar kuma ta zaɓi na biyu a 2003. Akwai ma'ana a ciki: Plymouth babban sansanin sojojin ruwa ne kamar yadda Jibralta ta daɗe tana kasancewa, duka biyun sun dogara da teku da masu yawon buɗe ido, kuma ƙuri'a dubu ashirin sun fi jin nauyi a tsakanin ƙananan garuruwa a kan a zuba su cikin cunkoson Landan.

Sifaniya ta haƙura?

Ina fa. Ta kai ƙara Kotun Tarayyar Turai da ke Luxembourg da hujja biyu: cewa liƙa Jibralta da wani yankin Ingila ya saɓa wa dokar 1976, da kuma cewa Birtaniya ta bar wasu 'yan ƙasashe rainon Ingila mazauna Dutsen su yi zaɓe alhali ba 'yan Tarayyar ba ne. Kotun ta kori ƙarar ranar 12 ga Satumban 2006, ta ce kowace ƙasa ce ke da hurumin faɗin wanda zai yi zaɓe a cikinta, muddin yana da alaƙa ta kusa da ita.

Sifaniya dai na riƙe da garuruwa biyu a gaɓar Maroko, Ceuta da Melilla, waɗanda Maroko ke cewa nata ne, mutanensu kuma suna zaɓen majalisar Turai ba tare da an tsaya gardama ba. Madrid na cewa tarihin wuraren ba ɗaya ba ne. Mutumin Rabat da mutumin Jibralta duk za su ce laifi tudu ne.

Da gaske ne a lokacin ɗan Najeriya na iya zaɓe a wannan mazaɓa?

Gaskiya ne, kuma abin da shari'ar Sifaniya ta taɓo ke nan. Dokar Birtaniya ta daɗe tana bai wa 'yan ƙasashen Kwamanwels da ke zaune a ƙasar bisa izini damar yin rajista su yi zaɓe, har da na majalisar Turai. Ɗalibi ɗan Kano ko Kumasi da ke karatu a jami'ar Bristol ko Exeter, ko ma'aikaciyar jinya 'yar Garwa da ke aiki a Plymouth bayan Kamaru ta shiga ƙungiyar a 1995, duk suna da ƙuri'a idan sunansu na cikin rajista. Ɗan Nijar ko Chadi ko Sudan ba shi da ita sai ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa. Ba'amurke ma haka, komai daɗewarsa.

A Jibralta wannan bambanci ya fi fitowa. Lokacin da Janar Franco, shugaban Sifaniya, ya rufe kan iyaka a 1969, ma'aikatan Sifaniya suka daina shigowa, sai aka ɗebo dubban 'yan Maroko suka maye gurbinsu a tashar jiragen ruwa da wuraren gini. Wasu sun tsufa a can. Maroko ba ta cikin Kwamanwels, don haka duk wanda bai samu takardar Birtaniya ba a cikinsu, nasarar Matthews ba ta shafe shi ba.

Yaya ranar zaɓen take?

Ranar Alhamis ake yi, bisa al'adar Birtaniya, ba a kuma ba da hutu. Ana buɗe rumfa ƙarfe bakwai na safe a rufe goma na dare. Rumfar yawanci zauren coci ne ko ajin firamare ko ɗakin taron ƙauye. A waɗancan shekarun ba a tambayar katin shaida a Ingila: ka faɗi sunanka da adireshinka, a ja layi a rajista, a miƙo maka takarda. A cikin ɗan lungun katako akwai guntun fensir ɗaure da zare, da shi za ka yi alamar giciye a gaban jam'iyyar da kake so. Babu tawada a yatsa. Takardar kan yi tsawo har sai an ninka ta sau da yawa kafin ta shiga akwati, domin duk jam'iyyar da ta ajiye fam 5,000 ta samu shiga, ana kuma maido mata kuɗinta idan ta kai kashi biyu da rabi cikin 100.

Daga nan sai jira. Yawancin ƙasashen Tarayyar ranar Lahadi suke nasu, ba a kuma yarda a faɗi sakamako kafin su gama. Akwatuna na kulle kwana uku, sai daren Lahadi a ji wanda ya ci.

Jama'a dai ba su cika damuwa ba. A 1999 ko kashi ɗaya cikin huɗu na masu rajista a Birtaniya ba su fita ba, kuma babu zaɓen da ya kai kashi 40 cikin 100 har aka tashi.

Su wa suka riƙa cin kujerun?

A 1999 Conservative ta ɗauki huɗu, Leba ɗaya, Liberal Democrat ɗaya, sai UKIP ɗaya. UKIP jam'iyya ce da aka kafa don fitar da Birtaniya daga Tarayyar, kuma a wannan zaɓen ta fara samun kujeru, uku a duk ƙasar. Tsohon tsarin ba zai taɓa ba ta ko ɗaya ba. Majalisar da suke son rushewa ita ta ba su albashi, ofis da lasifika, suka yi shekara ashirin suna amfani da su.

A 2004 UKIP ta samu biyu, ta riƙe biyun a 2009 lokacin da Glyn Ford na Leba ya faɗi, ta kuma zo ta ɗaya a 2014. A shekarar ce Molly Scott Cato ta ci wa Green kujerarta ta farko a yankin, Clare Moody ta maido wa Leba tata. Wanda ya fi kowa yin suna a Brussels shi ne Graham Watson, da ya shugabanci rukunin masu sassaucin ra'ayi na majalisar daga 2002 zuwa 2009. Julie Girling kuwa jam'iyyarta ta Conservative ce ta dakatar da ita a 2017 saboda yadda ta kaɗa ƙuri'a kan tattaunawar ficewar Birtaniya daga Tarayyar.

Ina mutanen Jibralta suka riƙa kai tasu ƙuri'ar, kuma ta taɓa yin tasiri?

Suna zaɓe ne da tambaya ɗaya a rai: wa zai tsaya mana a gaban Sifaniya? A 2002 gwamnatin Leba ta nuna a shirye take ta yi tarayya da Madrid a ikon mallakar Dutsen. Gwamnatin Jibralta ta Peter Caruana ta shirya ƙuri'ar raba-gardama a Nuwamban shekarar, mutum 17,900 suka ce a'a, 187 suka ce e. Da zaɓen 2004 ya zo sai suka rama, suka ba Conservative kusan kashi 70 cikin 100. Bayan shekara goma sun juya ga Liberal Democrat da kashi biyu cikin uku, saboda Watson ya riƙa ɗaga maganar dogayen layukan motoci da jami'an Sifaniya ke haddasawa a kan iyaka. A 2019 jam'iyyar ta haura kashi uku cikin huɗu a can.

Tasiri kuwa, 2014 ce ta fi kusa. Watson ya rasa kujerarsa ga Green da ratar ƙuri'a kimanin 6,000 cikin miliyan ɗaya da rabi. A Jibralta mutum ɗaya cikin uku ne kawai ya fita ranar. A ganina, da sun fito kamar yadda suka fito bayan shekara biyu a ƙuri'ar ficewa ta 2016, da wannan ɗan guntun gari ya iya ceto mutumin da ya fi kowa yi masa magana a Strasbourg. Ƙuri'ar da aka yi shekara goma ana shari'a a kanta, shekara goma kawai ta ɗauka ta zama abin da ake ƙyuyar fita dominsa.

Yaya yankin ya yi a ƙuri'ar ficewa ta 2016?

Ranar 23 ga Yunin 2016 Birtaniya ta zaɓi ficewa da kashi 51.9 cikin 100. Jibralta ce ta fara bayyana sakamako a daren: 19,322 suna son a zauna, 823 suna son a fita, kusan kashi 96 ke nan, kuma fiye da kashi 80 na masu rajista sun fita. Bristol ma ta zaɓi zama da sama da kashi 60. Amma yankin gaba ɗaya, har da ƙuri'un Dutsen a ciki, ya bi masu ficewa.

Cornwall ce ta fi ba da mamaki. Talaucinta ya sa tun daga shekarar 2000 take samun tallafin Tarayyar mafi girma, wanda ake ware wa yankunan da arzikinsu bai kai kashi 75 cikin 100 na matsakaicin Turai ba. An yi hanyoyi, an ja intanet mai sauri, an gina harabar jami'a a Penryn. Duk da haka kusan kashi 57 suka ce a fita. Masunta na ganin an ba jiragen Faransa da Sifaniya kason kifin da ya kamata ya zama nasu, wasu kuma na ganin kuɗin bai taɓa shiga aljihunsu ba. Washegari hukumar yankin ta fito tana neman Landan ta tabbatar mata ba za ta yi asarar tallafin ba.

In an riga an zaɓi ficewa, me ya sa aka sake zaɓe a 2019?

An tsara fita ranar 29 ga Maris ɗin 2019, amma majalisar Landan ta yi fatali da yarjejeniyar Firaminista Theresa May har sau uku. Aka ɗage zuwa Afrilu, aka sake ɗagewa zuwa ƙarshen Oktoba. Tunda ƙasar na nan a cikin Tarayyar, dole ta yi zaɓe ranar 23 ga Mayu. Washegari May ta sanar da cewa za ta sauka.

Sababbin wakilan sun kama aiki ranar 2 ga Yuli. Da aka fara kaɗa taken Tarayyar, 'yan jam'iyyar Brexit suka miƙe suka juya wa zauren baya. Bayan kwana biyu Ann Widdecombe, tsohuwar minista da ta jagoranci jerinsu a Kudu maso Yamma, ta kwatanta ficewar Birtaniya da tawayen bayi ga iyayengijinsu da na ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka. Maganar ta jawo mata suka sosai. Wakiliyar mazaɓar da Bristol ke ciki, garin da ya yi arziki da safarar bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma, ya kamata ta nemi wani misalin.

Yaya aka rufe?

Ranar 29 ga Janairun 2020 majalisar ta amince da yarjejeniyar ficewa da ƙuri'a 621, 49 suka ƙi. Molly Scott Cato ta yi jawabinta na ƙarshe muryarta na rawa. Nigel Farage, shugaban jam'iyyar Brexit, da mutanensa suka ɗaga ƙananan tutocin Birtaniya, abin da dokar zauren ta hana, mai jagorantar zaman ta kashe masa makirufo. Bayan ƙuri'ar wakilai da yawa suka riƙe hannun juna suna rera wata tsohuwar waƙar bankwana ta mutanen Sikotilan. Da ƙarfe goma sha ɗaya na daren 31 ga wata a agogon Landan, sha biyu a agogon Jibralta, mazaɓar ta daina wanzuwa. Wakilan ƙarshe wata bakwai suka yi.

Ina kujerun suka tafi?

Birtaniya ta bar kujera 73. An raba 27 ga wasu ƙasashe, aka ajiye 46, majalisar ta sauko daga 751 zuwa 705. Faransa ta samu ƙarin biyar. Sifaniya ma biyar.

Wasu daga cikin tsofaffin wakilan sun sami wata hanyar. A 2024 Caroline Voaden ta ci kujerar Kudancin Devon a majalisar Landan, Ashley Fox ya ci ta Bridgwater, Clare Moody kuma aka zaɓe ta mai sa ido kan 'yan sandan Avon da Somerset.

Akwai irin wannan mazaɓa a majalisun Afirka?

Babu. Majalisar ECOWAS da ke Abuja an tsara ta da kujera 115, Najeriya na da 35, amma majalisun ƙasashe ne ke turo wakilan daga cikinsu, kamar yadda Turai ke yi kafin 1979. An daɗe ana maganar komawa zaɓen kai-tsaye. Majalisar Tarayyar Afirka da ke Midrand a Afirka ta Kudu ma haka take, kowace ƙasa wakili biyar. Shi ya sa da wuya ka samu mutum a kasuwar Kurmi da zai iya faɗa maka sunan mai wakiltarsa a ɗaya daga cikinsu.

Yanzu a wace majalisa mutanen Jibralta ke da ƙuri'a?

A tasu kawai, mai zaɓaɓɓun wakilai 17. Ba su da kujera a majalisar Landan, ba su taɓa samu ba. Yarjejeniyar kasuwancin da Birtaniya ta ƙulla da Tarayyar a Disambar 2020 ba ta haɗa da su ba, sai a ranar 31 ga watan aka cimma wata fahimta ta wucin gadi da Sifaniya don kada iyaka ta toshe wa ma'aikata kusan 15,000 da ke ƙetarowa kullum daga garin La Línea da kewayensa. An ci gaba da tattaunawa fiye da shekara huɗu, har zuwa 11 ga Yunin 2025 da Birtaniya, Sifaniya, Tarayyar Turai da Babban Ministan Jibralta Fabian Picardo suka sanar da cimma matsaya kan cire binciken mutane da kaya a shingen.